Tsohuwar Papa Ba Ta Mutu Ba

Shafi na 19

Masu turo mini saƙo cewa in haƙura in koma aikina na Paris, na gani, na gode, ba zan koma ba. Ke kuma da kika rubuto cewa "miya ce fa kawai", jawo kujera ki karanta na yau.

Saura kwana tara in sake buɗe shagon Papa a unguwar Guillotière da ke Lyon. Fenti ya bushe, kujeru sun iso, mai taliya ya san ranar da zai fara kawowa. Abu ɗaya ne babu: Tsohuwa.

Tsohuwa sunan da Papa ya sa wa baƙar miyar nan ne da ake zuba ludayi ɗaya a gindin kwano kafin romo da taliya su hau kai. Wannan taliyar Japanawa mai romo ita ake kira ramen, Tsohuwa kuma ita ce ke raba ramen da ramen. A kwalba ya taho da ita daga Kitakata, garinsu a Japan, inda maigidansa ya ɗebar masa daga nasa tulun. Shekara talatin da ɗaya ba a wanke tulun Papa ba, ba a kuma bar shi ya ƙare ba. Kullum a ɗiba da rana, kullum da asuba a mayar da sabo a kan tsoho.

Wata goma sha huɗu ke nan da rasuwar Papa. Maman, mahaifiyata, ta ce mini washegarin jana'iza ta tuntsurar da tulun a magudana. Na yarda, na yi kukana, na haɗa tawa miyar sau arba'in, duk banza. Sai wata tsohuwar mai zuwa shagonmu ta tare ni a kasuwa ta rantse ta ci ramen ɗin Genzo, wato Papa, watan jiya. Ɗanta ne ya kai ta, ba ta riƙe sunan wurin ba. Tun ranar nake bin shagunan ramen na Lyon ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Alhamis, ɗaya da rabi na rana, muka fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Villeurbanne, nan gefen Lyon, ni da Tonton Firmin.

"Oriane, cikina ya ce in gaya miki ya ajiye aiki," Tonton ya ce.

"Ka ce masa sai an buɗe shago."

"Kwano uku fa kika ɗura mini jiya. Na ƙarshen nan, na rantse ruwan wanke-wanke ya fi shi ɗanɗano."

"Amma ka shanye."

"Na biya kuɗina ne. Yuro goma sha biyar ba wasa ba."

"Ni na biya, Tonton."

"To, na tausaya miki ne."

Tonton, wato kawu, nake ce masa, amma Firmin ba ɗan'uwanmu ba ne. Tsohon direban bas ne, shekararsa saba'in da huɗu, kuma shekara ashirin da biyu duk Talata yana kan kujera ta uku a shagon Papa. Harshensa ne shaidata. Duk sanda na ba shi tawa miyar sai ya ce "da daɗi". A wurin Tonton wannan zagi ne.

"Na nawa ke nan yau?" ya tambaya yana haki.

"Ashirin da bakwai."

"In na ga takardar abinci mai shafi shida da hotuna, juyawa zan yi. Wanda ke sayar da ramen da tsire da soyayyar shinkafa a tukunya ɗaya, ba abin da ya iya."

"Wannan ko suna ba shi da shi. Wata mai wanki da guga ce ta kwatanta mini. Ta ce layi har bakin shagonta, yana tare mata ƙofa."

Tonton ya tsaya ya ɗaga hanci.

"Layi? To, da magana."

Muka sha kwana. Ƙofa ce ƙarama tsakanin mai wankin da mai gyaran keke, an rataya mata shuɗin labule. Tururi ya rufe gilashin taga ruf, ba ka ganin na ciki. Haka tagar Papa take zama ko da tsakiyar bazara.

Na ɗaga labulen.

Kujeru takwas a jere a gaban kanta. Allo ɗaya, abinci kala uku kacal. Mutum biyu suka rage, ɗaya na sa kwat zai fita, ɗaya na zuƙar taliya da ƙara ba kunya, yadda Papa ke so.

Mai girkin ya juyo da matsamin taliya a hannu. Muka haɗa ido.

Aurélien Chapuis. Shekara tara yana aiki ƙarƙashin Papa, har ya iya yanka albasa ido rufe. Maman ta ce mini ya koma can garin Annecy wurin matarsa, shi ya sa ko nemansa ban yi ba.

Fuskarsa ta yi fari fat.

"Mun tashi," ya ce.

"Allonka ya ce ƙarfe biyu."

"Romo ya ƙare."

"Ga tukunya can tana tafasa."

"Na ma'aikata ne."

Tonton ya leƙa dama, ya leƙa hagu.

"Ina ma'aikatan, ɗana? Ko a aljihu kake ajiye su?"

"Barka da rana, Monsieur Firmin. Ku yi haƙuri, yau ba zai yiwu ba."

"Annecy ta matso kusa, Aurélien," na ce. "Har jirgin ƙarƙashin ƙasa na zuwa."

Ya shiga goge kantar da take a goge.

Na san ba zai zuba mini ba ko zan kwana a nan. Sai idona ya kai kan kwanon mutumin da ya fita yanzu. Ya bar romo kamar rabin kofi, da guntun albasa na yawo a kai.

Ku ce abin da za ku ce. Na ɗauki kwanon baƙo na kafa kai.

"Oriane!" Aurélien ya daka tsawa.

Mai zuƙar taliya ya saki tsinkayen cin taliyarsa, ya bi ni da kallo baki buɗe.

Gishiri ne ya fara zuwa, sannan kaza. Na riƙe shi a baki na jira. Duk shagunan nan ashirin da shida a nan suke tsayawa, daga nan sai ruwa. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku.

Sai ga shi. Ɗan ɗacin busasshen kifi da ƙonanniyar albasa, can a ƙarshen harshe.

Na zauna. Wata goma sha huɗu ban ji Papa kusa da ni kamar wannan lokacin ba, kuma a cikin ragowar kwanon wani ƙato da ban sani ba. Na miƙa wa Tonton ba tare da na dube shi ba.

"Haba, ni da girmana?"

"Sha."

Ya kurɓa. Ya rufe ido. Ya daɗe bai buɗe ba, da ya buɗe kuwa sun kaɗa sun yi ja.

"Ɗacin nan mai zuwa a makare kamar bas ɗin Lahadi," ya ce a hankali. "Genzo ne. Ko a kabari aka ba ni na san shi."

Ɗaya mai cin ya ajiye kuɗinsa ya sulale. Na miƙe na fuskanci Aurélien.

"Ɓarawo."

"Ki iya bakinki."

"Shekara tara yana koya maka. Ya kira ka ɗansa a gabana, ni da ya haifa ina tsaye. Gawarsa ba ta huce ba ka ɗauke tulun!"

"Ban saci komai ba."

"To tashi ya yi ya hau bas ya zo?"

"In bas ya hau da na sani," Tonton ya ce.

"Tonton, don Allah!"

Aurélien ya ajiye tsumman.

"Kin san Tsohuwa ba ta zama a ajiye?"

"Kada ka koya mini gidanmu."

"Sai na koya miki, tunda lokacin da ake koyarwa kina Paris. In aka rufe ta aka ajiye, sati uku ta yi yawa, ta mutu. Firij ba ya cetonta. Sai an ɗebi na kwano arba'in a rana an mayar mata da sabo, a nan ranta yake. Shagonku wata goma sha huɗu a kulle. Da ba ta zo nan ba, yau me za ki kurɓa?"

Maganar ta shige ni, amma na ƙi nunawa.

"Au, taimako ka yi? Sannu da ƙoƙari. To na zo, ba ni kayana."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba ko ba za ka bayar ba?"

"Ba nawa ba ne balle in bayar. Ni ɗiba kawai nake yi. Ko murfin ban isa in buɗe da asuba ba."

"To wa ke mayarwa?"

Ya kau da kai. Na matso kusa da kanta.

"Mutum biyu ne suka san abin da ake zuba mata, Papa da kai."

"Ni ban taɓa sani ba. Bai taɓa gaya mini ba."

"Ƙarya kake!"

"Oriane, ki tafi gida. Ina roƙonki."

Na zaro wayata.

"Shi ke nan. Bari Maman ta ji da kunnenta wanda ya ci amanar mijinta. Ita tana can tana zaton ta zubar, ashe ka riga ka juye ka bar mata ruwan banza."

"Kada ki kira ta."

"Tsoro ya zo?"

"Na ce kada ki kira!"

Na danna.

Ta yi ƙara sau ɗaya a kunnena. A ta biyu sai na ji wata ƙarar daga wani wuri. Ƙararrawar nan ce mai kama da ta tsohon keke, wadda ni da kaina na sa mata bara don ta daina cewa ba ta ji kira ba.

Daga bayan labulen kicin take fitowa.

Tonton ya cire hularsa. Aurélien ya juya mana baya ya dafa bango.

Wayar ta yi ta kuka har ta gaji. Sannan aka ja labulen.

Maman ce. Ghislaine Takemori, uwata, wadda ta ce mini ko warin waken soya ba ta ƙara son ji har ta mutu. Ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ta ɗaure kai da farin ƙyalle irin ɗaurin Papa. A hannunta akwai siririn karan nan mai tsage-tsage da yake auna zurfin tulu da shi.

"Kin ci abincin rana?" ta ce.

Ita ke nan tambayarta. Uwa dai uwa ce.

"Ta ci ragowar wani," Tonton ya ce.

"Firmin, kai ma da furfurarka ka biye mata?"

"Madame Ghislaine, ni fasinja ne yau."

Na juya ga Maman. Da ƙyar na ce, "Wurin iyo fa? Kullum biyar na asuba kina fita da jaka. Kin ce likita ya ce ki riƙa iyo."

"Kin taɓa ganin gashina a jiƙe?"

Ban taɓa gani ba. Wata biyar ina kwana a gidanta ban lura ba, ni mai bin shago ashirin da bakwai da wayo.

Na ratsa ta gefenta na shiga kicin. Ba wanda ya tare ni.

Ga shi nan a kan benci, dab da wurin wanke-wanke. Tulun Papa, baƙi, da tsagar nan a baki da ya liƙe tun ina firamare. Ludayin katakon na rataye a ƙusa. A gefe an jiƙa busasshen kifi a roba, na gobe da asuba.

"Kin ce kin zubar."

"Na ɗauke shi zan zubar," Maman ta ce daga bayana. "Har na karkata shi. Hannuna ya ƙi."

"Kina kallona ina dafa miya sau arba'in. Kina kallona ina kuka a kan tukunya."

"Ina kallo."

"Kina ce mini in ƙara gishiri!"

"Don ki gaji ki koma Paris."

Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

"Me na yi miki, Maman?"

Ta jingina karan awon a bango. Ta goge hannu a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Daga nan zuwa teku awa nawa ne a mota?"

"Me ya kawo teku?"

"Amsa mini."

"Uku. Uku da ɗan abu."

"Shekara talatin da ɗaya da aure, ban taɓa ganin teku da mijina ba. Ko kwana ɗaya ba mu taɓa yi a wajen Lyon ba. Watan Agusta duk unguwa ta kulle ta tafi hutu, mu muna nan muna dafa wa kujeru. Ranar da na haife ki ƙarfe huɗu na asuba, sai bakwai ya zo asibiti yana warin kifi. Da kakarki ta rasu a Kitakata, ya zauna a kan buhun albasa ya yi kukansa, ya tashi ya auna tulu. Bai je ba, Oriane. Uwarsa ce fa."

Tonton na tsaye a bakin labule, kansa a ƙasa.

"Ranar Talata ce," ya ce. "Ya zuba mini kamar kullum. Ban sani ba sai bayan shekara."

"Ni ma kullum ina cewa ba zan taɓa ba," Maman ta ci gaba. "Yanzu dube ni. Wata goma sha huɗu, ko mura ban isa in yi ba. 'Yar'uwata na kwance ba lafiya a Brest tun Janairu, ban je ba. Wannan abin ba gado ba ne, turke ne."

"To ki ba ni turken ki tafi Brest."

"A'a."

"Ni na ce ina so! Na ajiye aiki, na saki ɗakina, na yi wa shago fenti da hannuna. Kin san abin da nake yi a Paris? Shekara takwas ina karanta takardun inshorar mutanen da motarsu ta bugi bango. Ba wanda ya taɓa rufe ido don wani abu da na yi masa. Papa kullum mutum arba'in."

"Kuma ya mutu yana da sittin da uku, ƙafafunsa sun kumbura kamar gora."

"Da yana nan da ya ba ni."

Aurélien ya ce, "Madame, kada ki..."

"Bar ni, Aurélien. Ta isa ji."

Maman ta matso har ina jin warin kifi a rigarta.

"Kina zaton wa ya koya mini abin da ake zuba mata? A gadon asibiti ya faɗa mini, ina rubutawa a bayan takardar magani, lokacin kina cikin jirgi kina tahowa. Da ya gama ya riƙe hannuna ya ce in yi masa alkawari biyu."

"Wane alkawari?"

"Na farko, kada in bari ta mutu."

"Na biyu fa?"

"Kada in ba Oriane."

Na ji kamar an zare ƙasan kicin ɗin.

"Ƙarya ne."

"Aurélien na wurin."

Na juya. Aurélien bai ɗago ba, ya dai gyaɗa kai.

"Ya ce ke kaɗai ce kika tsira a gidan nan," Maman ta ce. "Ya ce a bar masa ke ki je ki ga teku."

Ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka. Na yi irin wanda ban yi ba ranar jana'iza. Wata biyar ina cewa don Papa nake yi, don sunansa, don kada a manta da shi, ashe mai sunan ya riga ya rufe mini ƙofa da hannunsa. Ya yi mini zafi, kuma na san don yana sona ya yi, wannan ma ya ƙara zafin.

Tonton ya miƙo mini hankicinsa. Na share fuska, na mayar masa.

"Na ga tekun, Maman."

"Me?"

"Sau shida. Nice, Biarritz, har da na Brest. Ruwa ne mai yawa. Na zauna a bakinsa ina tunanin romon Papa."

"Oriane..."

"Ya zaɓa wa kansa, ba wanda ya hana shi. Maigidansa bai ce masa je ka ga teku ba, kwalba ya ba shi. Ni ma ba tulun nake roƙo ba. Ludayi ɗaya, kamar yadda aka yi masa. Ranar Asabar ta sama zan buɗe shagon nan, kuma da Tsohuwa zan buɗe."

Na tuɓe kwat ɗina na miƙa wa Tonton. Na naɗe hannun riga.

Maman ta riga ni isa bencin. Ta cire murfin ta ajiye. Ta rungumi tulun da hannu biyu, ta ja shi har bakin wurin wanke-wanke, ta karkata shi. Baƙar miyar ta taho ta tsaya daidai kan tsagar.

"Madame!" Aurélien ya yi ihu.

"Kada wanda ya matso."

Ɗigo ɗaya ya gangaro ta gefen tulun ya faɗa magudana.

"Alkawari biyu na ɗauka," ta ce, idonta cikin nawa. "In dole sai na karya ɗaya, na san wanda zan karya. Wancan karon hannuna ya ƙi. Ki taɓa ludayin nan ki ga ko yau zai ƙi."

"Oriane, 'yata, tsaya tukuna," Tonton ya ce.

Ya makara. Ludayin na hannuna.